Ranar da aka ce babu ni

Babana bai yi lakwal ba, wato makarantar gwamnati ta Faransanci, amma ya iya karatun boko na Hausa. A ajin yaƙi da jahilci ya koya, wani rani da aka buɗe shi a gindin gawon da ke bakin rijiyar ƙauyenmu, a ƙasar Yekuwa. Tun daga nan duk abin da ya gani a rubuce sai ya tsaya ya haɗa baƙaƙensa, ko buhun taki ne, ko jikin mota, ko kwalin ashana. Yakan sa yatsa a ƙarƙashin kalma, leɓensa na motsi. In ta fito, sai ya ɗaga kai ya dubi wanda ke kusa. In ta ƙi fitowa ya san Faransanci ce, sai ya ce, "Wannan ba tamu ba ce."

Labarina kuwa duk a cikin wadda ba tamu ba yake zuwa masa. Da na samu shiga kwalej aka kai ni Magaria wurin Gwaggo, ƙanwarsa. Lakwal ɗinmu tana da wani shafi a intanet inda malamai ke zuba sakamakon jarrabawa da kiran suna na safe, shafin kuma ya aika mesaj zuwa salular iyaye. In mesaj ya shigo, Baba yakan sa salular a aljihu har ya tashi daga gona, sannan ya kai wa mai shagon da ake ba salula wuta, don shi ya yi aji shida. Mai shago ba ya karatu a hankali. A gaban masu dara yake yi, kuma yana ƙara gishirinsa. Lokacin da na faɗi lissafi, cewa ya yi, "Malam, ƴarka dai tuwon Gwaggo take ci da kyau." Baba bai taɓa gaya mini ba. A bakin rijiya na ji, da na je hutu, kuma tun ranar nake son wata rana ya karanta labarina da yatsansa, shi kaɗai.

Ni ce ƴar fari a gidanmu, saboda haka ba wanda ke kiran sunana. Baba "Uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Inna kuwa ko wannan ba ta yi. "Ke" ce, ko "waccan", ko ta yi wa ƙofa magana ni kuma in gane da ni ake. In na dawo hutu ba ta tashi, sai dai in tarar an dama fura da nono mai yawa an rufe da faifai, ba a ce ta wane ce ba.

A shekarata ta uku a kwalej, farkon kaka, matar da ta gina shafin ta zo. Ƴar garin ce, ta yi karatu a Yamai, mu kuma Tanti muke ce mata. Tana da tabarau da wata ordinater, kwamfutar hannu, da aka ɗaure gefenta da salatif, harafi ɗaya ya goge don dannawa. Ta shigo ajinmu da darekta, shugaban lakwal ɗin, ta ce za a sa wa shafin Hausa, yadda kowane uba zai zaɓi harshen da yake so. Tana neman wanda ya iya Faransanci kuma yana da Hausar ƙauye, ba irin tamu ta gari da ta sha gauraye ba. Kafin ta rufe baki aji duka ya juyo yana dubana ana dariya, don dama da maganata ake tsokanata. Na sunkuyar da kai. Haka aka zaɓe ni.

Kullum in an tashi sai in je biron darekta, wato ofishinsa, inda aka ba ta tebur a lungu. Aikin wani dogon jadawali ne mai gida biyu: hagu Faransanci, dama fili. Layukan sun fi ɗari biyu, kuma ba a jere suke yadda ake magana ba. Guntu-guntu ne, kamar an fasa ƙwarya an zube sakainar a faifai. Wani kalma ɗaya, wani rabin zance. Inda sunan yaro zai shiga an bar gurbi a cikin baka biyu. Tanti ta ce shafin ne da kansa ke ɗauko wannan guntu da wancan ya haɗa.

Na ji daɗin aikin fiye da yadda na nuna. Ta tambaye ni me zan kira fuskar farko ta shafin, inda kowa ke fara sauka. Na ce zaure. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Kwana uku ina neman wannan, ashe yana ƙofar gidanmu."

Kalmar da mutum ke bugawa kafin a buɗe masa na ce makulli. Wanda ya fi sauƙi shi ne ce jour, na rubuta "yau" na wuce, ban ko sake dubansa ba.

A kan kalma ɗaya muka tsaya cik, wadda ake aikawa in yaro bai halarci aji ba: absent, da wani ɗan harafi a cikin baka a ƙarshenta. Na rubuta "bai zo ba".

"In mace ce fa?" in ji Tanti.

"Ba ta zo ba."

"To ga matsalar. Su Faransawa sun ɓoye macen a cikin baka sun huta. Ni kuma gida ɗaya na gina wa wannan layi. In ce zan mayar da shi biyu, na maza da na mata, sai na kwance rabin shafin, aikin sati ne ko fiye, darekta kuma Litinin yake so a fara. Nemo mini kalmar da ba ruwanta da namiji ko mace."

Kwana biyu ina juya abin. Duk inda na bi sai na ci karo da ya ko ta. Ranar Laraba da yamma Gwaggo na kora kaji akurki, tana duba su ɗaya bayan ɗaya, sai ta ce, "Babu baƙar nan." Can kuma ta ce, "Babu zakaran ma." Na tsaya da tsintsiya a hannu. Washegari na kai wa Tanti. Ta buga "babu", ta sa gurbin suna a gabanta, ta gwada da baki: babu wane, babu wance. Ta ce kaina ya fi ordinater ɗinta. Ban taɓa jin daɗin yabo irin na ranar ba.

A ranar ne kuma darekta ya shigo ya tsaya a bayanmu yana leƙe. Idonsa ya faɗa kan wani layi da ban kai ba, mai cewa Nous avons le regret de vous informer que. Ya ce wannan maganar hukuma ce, ba ta yara ba, shi zai fassara. Ya gyara murya ya ce, "Muna baƙin cikin sanar da ku cewa." Tanti ta buga.

Na ji wani abu kamar an tauna tsakuwa a tuwo. Na san wannan magana. Ita ce ke fitowa daga rediyon Gwaggo bayan azahar, sai ta daina abin da take yi ta kasa kunne ta ji ko wanda ta sani ne. Na buɗe baki, sai na dubi takalman darekta, baƙaƙe masu tsini, ɗaya igiyarsa ta kwance. Na ce a raina wataƙila wannan guntun na wani wuri ne dabam, na yaran da aka kora, ko na ranar da aka yi gobara. Wace ce ni da zan gyara wa darekta Hausa? Na rufe bakina.

Ranar Jumma'a muka cika gidan dama. Tanti ta ce me zan so ta ba ni. Na ce ba komai. Ta ce ba ta yarda ba. Da ƙyar na ce in za a fara juya lambobin iyaye zuwa Hausa, a fara da ta babana. Ta nemo sunana, ga lambarsa a ƙasa, ga wani ɗan akwati an rubuta Faransanci a ciki. Ta ce in danna da kaina. Na danna, ya koma Hausa. A duk lakwal ɗin lambarsa kaɗai ce aka juya, sauran sai an tambayi masu su. Na aika masa ta bakin wani mai kabu-kabu na garinmu cewa mesaj na gaba kada ya kai shago.

Ranar Litinin tun kafin a ɗaga tuta Tanti ta tare ni a bakin ƙofa, ta ce in zo mu duba wasu layuka da suka yi tsawo suna fita daga gurbinsu. Darekta ya ce zai gaya wa mushen lissafi, wato malamin lissafi, wanda ke da awar farko. Sai wani baƙo ya zo masa, ya manta. Mushe ya kira suna da salularsa kamar kullum, ya kira nawa sau biyu, ya danna cewa ban zo ba.

Na koma aji bayan hutun tsakiya ban san komai ba. Wajen sha biyu, rana ta take, ana rubutu ba ka jin komai sai ƙarar alli. Sai muka ji kabu-kabu biyu sun shigo har tsakiyar fili, abin da aka hana. Sannan wata murya ta mace ta kira sunana, na yanka, cikakke, sau ɗaya.

Ban gane muryar ba. Na san sunan, na kuma san muryar, amma ban taɓa jin su tare ba, shi ya sa na juya ina neman wata baƙuwa.

Inna ce. Ta shigo aji ba sallama. Zanen sussuka ne a jikinta, ƙaiƙayi fari fat a damatsanta, takalminta ɗaya nata ɗaya na ƙanwata. Ta bi layi tana duba fuskoki har ta zo kaina. Ta kama fuskata da hannu biyu, ta taɓa bayan kunnena, ta kama wuyan hannuna ta riƙe kamar mai jiran wani abu. Hannunta sanyi ƙalau a wannan zafin. Daga nan ta sake ni, ta ja da baya, ta zauna a ƙasa a gindin allo, ta rufe fuska da gefen zane. Mushe na tsaye da alli a hannu. Ba wanda ya yi dariya.

Baba bai shigo ba. Yana bakin ƙofa, salula a hannun dama, baƙar leda a hagu. Bakin ledar a buɗe yake. Na ga farin yadi sabo, da ninkin shago, da shuɗin hatimi a gefensa. Sau ɗaya na taɓa ganin irinsa a gidanmu, ranar da kakata ta rasu. Ya ga inda idona yake, sai ya mayar da ledar bayansa.

"Uwata, zo ki duba mini wannan. Ko ni ne ban karanta daidai ba."

Na karɓi salular. An rubuta: "Assalamu alaikum. Muna baƙin cikin sanar da ku cewa yau babu", sai sunana, sai aya. A ƙasa sunan lakwal.

Sau uku na karanta. Kowane guntu na san shi, na san ranar da aka buga shi da wanda ya faɗa. "Yau" tawa ce, "babu" tawa ce. Ban taɓa ganin su a jere ba sai a tafin hannun babana. Kuma ba kuskure ko ɗaya a karatunsa. A garinmu in an ce babu wance, ba a tambayar ina ta tafi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Yana gona yana ɗaurin gero mesaj ya shigo. Ya tuna saƙona, ya zauna a kan dami, ya goge yatsa a riga, ya fara haɗa baƙaƙe. Kalmomin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya ba gardama. Ya kira lambar da ta aiko, ba ta shiga, don ba ta mutum ba ce. Ya kira Gwaggo, ita kuma ta kai tata salular a ba ta wuta ta wuce kasuwa. Ya je gida ya tsaya a bakin masussuka, bai ce komai ba, Inna ta ajiye taɓarya. A hanya ya tsayar da mai kabu-kabu a wani shago ya sayi yadin, don kada a zo ana nema.

Aka kai mu biro. Darekta ya ba Baba kujerarsa, Baba ya ƙi zama. Inna ta sami lungu ta zauna a ƙasa. Darekta na ta ba da haƙuri, Hausa na suɓuce masa yana faɗawa Faransanci yana dawowa, gumi na bin wuyan rigarsa. Mushen lissafi ya ce shi dai dannawa ya yi. Tanti ta ce laifinta ne, ita ta haɗa guntayen ba ta karanta su a haɗe ba. Ta kasa duban Inna.

"Ba maganar laifi ba ce," in ji darekta. "Dama na yi shakka. Hausa ba ta ɗaukar irin wannan aiki. Shekara nawa muna aikawa da Faransanci, wa ya taɓa zuwa mana da likkafani? Madam, cire ta yau."

Tanti ta buɗe ordinater. Na ga yatsunta masu lalle sun tsaya a kan haruffa. Na san in ta danna, gobe Baba zai koma tsayuwa a gaban masu dara, kuma yanzu da abin dariya sabo.

"Ni na sa babu," na ce.

Ba wanda ya ji sai Tanti. Darekta ya ce me na ce, in ɗaga murya.

"Babu ɗin tawa ce. Akwai bai zo ba, akwai ba ta zo ba. Hausa tana da su. Gida ne ɗaya, shi ya sa." Na dubi takalman darekta. "Amma da babu kaɗai ce, da wataƙila ya yi tambaya. Baƙin cikin ne ya..."

Sai Inna ta yi magana daga lungu, ba ta buɗe fuska ba.

"Wa ya sa baƙin cikin?"

Tanti ta dubi tebur. Ni na dubi ƙasa.

"Ni ne," in ji darekta. Ya ce a Faransanci wannan ladabi ne kawai, da shi ake buɗe kowace takarda, ko ta hana hutu ce.

"Ladabi," in ji Baba. Ya jinjina kai. "To, ranka ya daɗe, mu a wajenmu in babba ya ce yana baƙin cikin sanar da kai, masu haƙa ake nema."

Darekta ya zauna a kujerar da Baba ya ƙi. Ya daɗe yana murza goshi. Daga baya ya ce shi ba zai yanke ba. Wanda abin ya faɗa wa shi zai yanke: in Malam ya ce a cire, a cire, in ya ce a bari, a gyara a bari. Kowa ya dubi Baba. Na ƙura wa bakinsa ido.

"Bari in kai ta gida tukuna," ya ce. "Mutane na jira."

Ya kira mai shago ya ce a gaya wa gari ina da rai. Muka hau kabu-kabu, ni da Inna a ɗaya, tana bayana. Duk tafiyar ta riƙe gefen hijabina a dunƙule, ko da muka shiga rairayi babur na tangaɗi ba ta kama ƙarfe ba.

Mun ci fiye da rabin hanya muka hango amalanke tafe, shanu biyu sun yi kumfa. Baffa ne, wan Baba. Shi aka tura ya biyo baya don ɗauko ni, kuma ba ya riƙe salula, ba wanda ya iya tsayar da shi. A bayan amalanken an shimfiɗa sabuwar tabarma, an ɗora wani bargo a ninke. Ya ja igiya, ya sauko, ya zo har gabana ya tsaya. Ya dube ni tun daga kai har ƙafa. Ya yi salati a hankali. Sannan ya juya wajen Baba.

"Kai da karatunka. Tun hantsi nake dukan bayin Allah nan a banza."

"Daidai na karanta, Yaya."

"To wa ya rubuta?"

Baba ya mayar da salular aljihu. Baffa ya ce tunda shanu sun sha rana saboda ni, sai in hau su kai ni. Na ɗaga ƙafa zan taka, Inna ta riga ni. Ta janye tabarmar, ta naɗe ta tam, ta tura ƙarƙashin mazaunin Baffa da bargon duka. A kan katako tsirara muka zauna har gida.

Labari ya riga mu isa, amma ba wanda ya tafi. Mata sun zo daga ƙauyuka uku, an ɗora babbar tukunya, an share ƙofar gida an baza tabarmi. Na shiga zaman makokina da ƙafafuna. Wasu suka fashe da kuka sabo, wasu suka ja baya kaɗan kafin su matso. Kowa sai ya taɓa ni. Wata tsohuwa, abokiyar wasan kakata, ta mintsine ni a cinya har na yi ƙara.

"To, da sauran ta," ta ce. "Ni na san yadda aka yi. An tambaye ta a can ta sunkuyar da kai ta yi shiru, suka gaji suka ce a mayar da ita."

Aka yi dariya, wasu da hawaye a fuska. Tuwon da aka tuƙa don masu gaisuwa shi muka ci.

Bayan la'asar ina daga zaure ina jin maza a waje. Mai shago ne ke magana.

"Malam, da ta Faransanci ce ka kawo mini, da duk wannan ba ta faru ba. Kowa da aikinsa. Karatu ba a gindin gawo yake ba."

Da yawa suka ce gaskiya ne. Baffa ma ya ce gaskiya ne. Ban ji muryar Baba ba ko kaɗan. Na ce a raina shi ke nan, an cire.

Da safe ya raka ni inda masu kabu-kabu ke tsayawa. Muka bi ta bayan rumbuna, yana gaba ina baya. Wajen rumbun ƙarshe ya tsaya, ya ciro wata zangarniyar gero da ta leƙo ta tsaga, yana murza ta a hannu.

"Uwata, mai shago ya yi gaskiya. Da Faransanci ce, da na sa ta aljihu na ci gaba da aikina. Da uwarki ba ta yi wannan tafiya ba." Ya hure ƙaiƙayin. "Amma jiya na yi ta tunani. Da gaskiya ce fa? Da sai magariba zan kai shago. Da an rufe ki ina ɗaurin gero."

Ya juyo ya dube ni.

"Ki ce wa darekta a bar ta. Ki ce wa yarinyar nan mai tabarau ta yi gida biyu, ko sati nawa zai ci. Gero da wake ma ba a rumbu ɗaya ake zuba su ba. Kuma duk abin da za su aiko, su fara karanta wa wani babba da baki, su dubi fuskarsa. Za ki iya faɗa, ko in zo da kaina?"

Na ce zan iya. A kan babur na yi ta maimaita saƙon har muka shiga Magaria, kuma na faɗe shi a biro ban rage ko maganar rumbun ba. Darekta ya saurara har ƙarshe. Ya ce wa Tanti ta goge layinsa da hannunta, kada ta bar shi ko a Faransancin.

Kwana tara ta yi tana kwance shafin tana sake ɗaurawa. Ta daina guntaye. Kowane saƙo ya zama magana cikakkiya daga farko har ƙarshe, na namiji dabam na mace dabam. Babban da muka samu ita ce tsohuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar lakwal. In an tashi sai mu ɗauki ordinater mu je mu tsuguna kusa da kaskonta, Tanti ta karanta, ni in dubi fuskar tsohuwa. Mafi yawa sai ta ce, "To, na ji," tana juya ƙosai. Wani lokaci ta ce, "Wannan kuma wane yare ne?" sai mu koma.

A rana ta ƙarshe saura layuka kaɗan, duk kanun saƙo ne, gajeru, waɗanda ke fara bayyana a fuskar salula kafin a buɗe. Tanti ta gaji, tana sauri. Ta karanta na wanda ya iso aji bayan an fara, retard, wanda ni na fassara tun satin farko. Da baki ta faɗe shi da muryar da ta dace, tsohuwa ta ce ta ji. Tanti ta kai yatsa za ta wuce. Ni kuwa ba fuskar tsohuwa nake kallo ba a lokacin, rubutun nake kallo, ina bin sa harafi harafi yadda mai sa yatsa zai bi shi. An rubuta "Makara", sai ɗigo biyu, sai gurbin sunan yaro. A rubuce ba abin da ya raba ta da wadda ake ɗaukar gawa a kai.

Na kama hannunta.

"Tanti, tsaya."

Ta duba, ta sake dubawa. Ta cire tabarau ta ajiye a kan gwiwa. Tsohuwa ta tambaya lafiya. Tanti ta turo mini ordinater ɗin gabana.

"Goge," ta ce. "Rubuta yadda za ki faɗa wa babanki."

Na rubuta "Ta zo aji, amma ba da wuri ba", na koma gida na biyu na rubuta na maza.